Awakin Mijinyawa a Gungu

Mijinyawa Bagobiri ne, haifaffen wani ƙauye yamma da Maraɗi. Ya shigo Yamai a bayan kamiyo, babbar motar kaya, zaune kan buhunan albasa, shekara ɗaya bayan samun mulkin kai, lokacin ya haura talatin da biyar. Dogo ne siriri, zanen Gobirawa ya cika masa kumatu, kuma ba shi da yawan magana. Waɗanda suka zauna da shi sun ce idan ka ji ya ja zance da tsawo, to a kan bisashe ne.

Ubansa ya taɓa mallakar garke, awaki da tumaki da 'yan shanu. A wata yunwa da aka yi Mijinyawa yana ƙarami, uban ya dinga fitar da su ɗaya bayan ɗaya yana musanyawa da hatsi, har ruwan sama ya dawo ba a bar ko mace ɗaya a turke ba. Iyalin sun rayu, amma tsohon bai sake tashi ba, ya ƙare kwanansa yana kiwon dabbobin wasu. Mijinyawa ya girma da tabbacin cewa kuskuren ubansa ɗaya ne, shi ne da ya saki matan garken. A wurinsa namiji a yanka shi, a sayar, a yi kyauta da shi, amma mace ba ta fita daga garke sai in mutuwa ce ta fitar da ita.

A Yamai ya sauka Zongo wurin wani ɗan garinsu mahauci, Ɗan'azumi. Mijinyawa ke fiɗa, shi ke ɗaukar nama a ka zuwa kasuwa, shi ke sauka bakin kogi da kayan ciki ya wanke. Ɗan'azumi ya ga mutumin ba ya wasa da aiki, ba ya kuma taɓa abin wani, sai ya ba shi auren ƙanwarsa Aisa, wata bazawara mai fara'a da ke dama fura a ƙofar gida. Aisa ta shigo da awaki biyu jajaye, irin na Maraɗi, da ta gada wurin uwarta. Wata rana kuma aka kawo wata akuya yanka, Mijinyawa ya shafa cikinta ya ji da ɗa, ya ƙi sa mata wuƙa. Ɗan'azumi ya yi dariya ya ce ya tafi da ita, ya ƙara masa da ɗan bunsuru.

Zongo kuwa ba wurin kiwo ba ne. Gidaje a matse, ɗaki na jingine da ɗaki, shago na jingine da shago. Awakin suka cinye geron da wata maƙwabciya ta shanya, suka tauna gefen yadin wani tela, sau biyu ma'aikatan meri, wato hukumar gari, suna kama su a titi sai da Ɗan'azumi ya je ya yi roƙo. Kullum da ƙarar da za a kawo.

A bakin kogi Mijinyawa ya saba da wani Bazabarme mai kwalekwale, Halidu, wanda ke ƙetarar da mutane da kayansu zuwa Harobanda, tsallaken kogi, don a lokacin babu gada. Da yake akwai wasan taubasantaka tsakanin Gobirawa da Zabarmawa, Halidu ba ya ganinsa bai tsokane shi ba, shi kuwa sai dai ya yi murmushi. Ranar da ya ba shi labarin damuwarsa, Halidu ya nuna masa wani wuri a cikin kogi, can ƙasa da gari, da bakin sandar tuƙi. Ya ce akwai wani gungu can, wato tsibiri, da ba kowa a kansa. Tsakiyarsa tudu ne da ruwa ba ya hawa ko a shekarar da kogi ya fi cika, gefensa kuma burgu ne, ciyawar ruwan nan mai zaƙi da dabba ke so. Babu kura, babu dila, babu ɓarawo, sai wanda ya iya iyo. Suka je wurin mai garin da ke da ikon wurin da goro, tsohon ya ce su zauna, ba wanda ya taɓa nemansa.

Haka aka ɗaure awaki huɗu a cikin kwalekwale aka ƙetara da su. Gungun ba shi da girma, mutum zai zagaye shi tsakanin la'asar da magariba bai yi sauri ba. Amma a wancan lokacin duhu ne da itatuwa. Gawo da bagaruwa da magarya a kan tudu, goruba a gefen gabas, giyayya a bakin ruwa, ciyawa kuma har ƙugu. Aisa ta ce ranar farko sai da kuka suke gane inda awakin suke, don ba a hango su. Mijinyawa ya kafa bukka ta zana, ya yi wa dabbobin rumfa, Aisa ta share wani lungu ta shuka kuɓewa da yakuwa.

Jar akuya ba ta wasa da haihuwa idan ta ƙoshi. Tagwaye suke zubawa, wani lokaci 'yan uku, kuma kafin ɗiyar ta cika shekara ita ma ta ɗauki ciki. A shekara ta uku garken ya kusa talatin. Mazan Mijinyawa yakan fiɗiye su, su yi ƙiba, Halidu ya ƙetara da su wurin Ɗan'azumi. Aisa tana shiga Zongo da ƙwaryar nono da safe ta dawo da gero da gishiri da kananzir. A shekarun nan ne ta haifi 'yarsu Mariama, wadda ta tashi da nonon akuya, kumatu cike, tana rarrafe tsakanin ƙafafun dabbobi. Mutanen da suka san Mijinyawa a lokacin sun ce har dariya yake yi da ƙarfi. Yakan zauna ƙarƙashin babban gawo yana kiran awakin da sunayen da ya raɗa masu, kowacce ta ɗago kai idan ta ji nata.

Abu ɗaya ke rage masa garke, wata mesa da ke zaune a cikin duhuwar goruba. Lokaci zuwa lokaci takan haɗiye ɗan akuya sabon haihuwa. Akwai kuma wasu manyan shahuna da ke sheƙa a kan gawo, su ma sukan fyauce wanda ya fito da rauni. Halidu ya ce masa ya ƙyale su, ai ya tarar da su a wurin, kuma abin da suke ɗauka bai kai abin da ake haifa a wata guda ba. Mijinyawa bai ji ba. Ya yi ta fakon mesar har ya same ta ta ƙoshi tana kwance a rana, ya sare ta da gatari. Ya hau gawon ya warware sheƙar tsuntsayen, ya ƙone duhuwar goruba don kada wata ta sake samun maɓoya. Daga nan duk ɗan da aka haifa sai ya rayu.

Ɓeraye da gafiyoyi ma suka rayu. Damina biyu bayan haka gungun ya cika da ramukansu. Suka shiga rumbun da yake tara harawa suka mayar da ita gari, suka cinye kuɓewar Aisa tun tana fure, suna tsince 'ya'yan gawo da na bagaruwa da zarar sun faɗo. Wanda ya tsira daga ɓera ya tsiro, akuya ta cinye shi tun yana ganye biyu. Ba wanda ya lura a lokacin, amma tun daga shekarun nan babu sabon itace ko ɗaya da ya tashi a gungun. Tsofaffin ne kawai, su ma awakin sun fara miƙewa da ƙafafun baya suna aske duk reshen da bakinsu ya kai.

Aisa ce ta fara gani, don ita ke tatsa. A shekara ta shida garken ya haura ɗari, amma ƙwaryar da awaki ashirin ke cikawa a da, yanzu sai ta bi ta kan hamsin ba ta cika ba. Tagwaye suka yi wuya. 'Ya'yan da ake haifa ƙanana ne, ƙafafu kamar tsinke, wasu uwayen ma sai su juya masu baya. Wata safiya ta ajiye ƙwaryar a gabansa ta zauna.

"Maigida, dubi abin da na samu yau. Wurin nan ya yi masu kaɗan. Ka bari yaya ya ɗauki tsofaffin matan, sauran su samu abin ci."

Ya daɗe yana kallon nonon. Ya ce ruwan bana ne bai yi kyau ba, in kogi ya cika burgu zai dawo kamar da. Ta ce burgun ma tun bai fito daga ruwa ba suke shiga har wuya suna cinye shi, ba sa barinsa ya yi ƙarfi. Ya ce Allah da ya halicce su shi zai ciyar da su. Ta ɗauki ƙwaryarta ta tashi.

Gaskiya ne ruwan shekarar bai yi kyau ba, kuma kogi ya cika daga baya. Sai dai burgun da ya dawo rabin na da ne, don an cinye shi har saiwa. Inda saiwar ta mutu, ƙasar gaɓa ta saki, ruwa ya dinga yankar gefen gungun yana tafiya da shi. Giyayya biyu suka faɗa kogi a wata guda. Wurin kiwo yana raguwa, bakunan da ke ci suna ƙaruwa.

Sai ciwo ya shigo. Dabbobi da yawa a wuri ɗaya, suna ci inda suka yi kashi, suna shan ruwan da ya kwanta a kwari. Zawo ya kama ƙanana, manya suka fara kumburin maƙogwaro da tari, ƙazwa ta bi fatunsu. Ɗan'azumi ya yanka wani taure da aka kai masa, ya tarar da hantar duk tsutsa, ya zubar. Shi ne ya je ofishin kiwo ya roƙo aka turo malamin dabbobi, wani mutumin Tawa mai suna Malam Adamu, da akwatinsa na allura. Malamin ya yi masu allura, ya ɗura masu magani, sannan ya zagaya gungun a ƙafa tare da Mijinyawa, yana tsayawa yana duba bawon itatuwan da aka ɓare har farin itacen ya fito. Da suka dawo bukka ya yi masa bayani a hankali, ba da faɗa ba. Ya ce maganin zai tsayar da ciwon na ɗan lokaci, amma ba ciwo ne asalin abin ba. Ƙasa kowace iri tana da iyakar bakin da za ta iya ciyarwa, wannan gungun kuma a ganinsa arba'in ne ko hamsin, in ana so ciyawa ta dinga dawowa.

"In ba ka rage su da hannunka ba, yunwa da ciwo za su rage maka," in ji shi. "Su kuma ba sa zaɓe, ba sa tsayawa a inda kai za ka tsaya."

Mijinyawa ya yi masa godiya, ya ba shi ɗan taure, ya raka shi har bakin ruwa. Bai fitar da mace ko ɗaya ba. Abin da ya yi shi ne ya ƙara wa kansa aiki. Ya sayi tsohon kwalekwale wurin Halidu, kullum sai ya ƙetara Harobanda ya yanko ciyawa a bakin fadama, ya saro rassan gawo, ya tattaro karan dawa a gonakin da aka girbe. Da wannan ya riƙe garken shekara biyu, har ya kusa ɗari biyu. Shi kansa ya rame, bayansa ya fara lanƙwasa.

Sannan aka gama gadar da ta haɗa Yamai da Harobanda. Abin da ya kasance gonaki da daji da 'yan rugagen Fulani ya fara zama unguwa. Mutanen da Zongo da sauran tsofaffin unguwanni suka yi wa kaɗan suka ƙetaro, baƙi daga ƙauyuka suka bi bayansu, kowa da iyalinsa da 'yan tumakinsa da murhun da ke neman itace. Fadamar da Mijinyawa ke yankar ciyawa aka kewaye ta da ƙaya aka yi lambuna. Karan dawa da a da ake roƙon mutum ya kwashe, yanzu mai gona na gadinsa da sanda. Burgun da ya rage a bakin kogi mata da maza ke yankewa tun da safe, a ɗora wa jakuna a kai kasuwa. Halidu ma gadar ta kashe masa sana'a, ba mai shiga kwalekwale sai wanda ke tsoron mota. Ya koma kamun kifi da taru, ya ce kifin ma ya yi ƙanana, don masu kama shi sun fi shi yawa.

Ɗan'azumi ya zo gungun da kansa a wannan lokacin, abin da bai saba ba, don yana tsoron ruwa. Ya ce wa surukinsa har yanzu da sauran dama. Dabbobin sun rame amma suna da nama a jiki, Sallah na tafe, zai iya fitar masa da ɗari cikin makonni, ya sayi fili a Harobanda tun ana samu, ya gina wa Aisa da yarinya ɗaki na ƙasa. Mijinyawa ya saurare shi har ya gama. Ya ce ya ga abin da sayarwa ta yi wa gidansu, ba zai maimaita ba. Ɗan'azumi ya ce zamanin ubansa daji ne ba iyaka, wanda ya riƙe mace yana da inda zai kai ta. Shi yanzu ina zai kai tasa? Mijinyawa ya tashi ya ce lokacin ba su ruwa ya yi.

Damina biyu suka zo a jere ba ruwan kirki. Gero ya bushe a tsaye tun daga Filinge har Tawa. Kogin da ke cika a lokacin sanyi bai kai rabin inda ya saba ba, da bazara kuwa ya janye har reshen da ya raba gungun da Harobanda ya zama rairayi da 'yan kududdufai, yaro ma ya taka ya wuce. Abin da ya tsare gungun shekara goma ya tafi. Karnukan unguwa suka fara shigowa suna jan 'yan awaki. Bayan su sai makiyaya daga arewa, Fulani da Buzaye, waɗanda fari ya koro da ragowar shanunsu, suna bin kogi don nan ne kaɗai ake ganin ɗanyen abu. Suka hango itatuwan gungun suka nufo shi.

Mijinyawa ya tare su da sanda a bakin rairayin. Wani dattijo Bafillace ya fito daga cikinsu, leɓɓansa a tsage, ya yi sallama. Ya ce ya baro gida da shanu fiye da ɗari, ga abin da ya rage, ya nuna wasu 'yan ƙasusuwa goma sha da ke tsaye da ƙyar. Bai roƙa ba, bai yi gardama ba, tsayawa kawai ya yi. Mijinyawa ya dube shi, ya dubi shanun, ya sauke sandar ya matsa gefe. Cikin 'yan kwanaki aka sassare duk reshen da ke da ganye, har babban gawon da yake zama ƙarƙashinsa aka bar shi gungume. Baƙin suka wuce kudu, suka bar gawarwakin shanu uku.

Daga nan awakin suka fara cin abin da ba a ci. Suka cinye zanar bukka, suka cinye igiyoyin turke, suka tauna tabarmar Aisa, suna lasar ƙasa, suna tsigar gashin juna. Masu ciki suka yi ta ɓari. Kowace safiya sai Mijinyawa ya zagaya ya ja waɗanda ba su tashi ba zuwa gefe, ungulaye na jira a kan kututturan. Sai a lokacin ya kora ashirin ya taka da su ta gada har Zongo. Biyar suka faɗi a hanya. Ɗan'azumi ya fito ya dube su, ya kai shi bayan mahauta ya nuna masa. Fili ne cike da dabbobin mutanen arewa, shanu da raƙuma da tumaki, masu su na zaune a ƙasa suna roƙon a karɓa ko da mudun gero ne. Ya ce ba mai sayen nama irin wannan, fata kawai ake cirewa, fatar ma ta awakinsa ƙazwa ta ɓata.

Mariama tana da shekara takwas a lokacin. Nonon da ta tashi da shi ya ƙafe, abincin gidan ya koma jar dawar taimako da ake rabawa a gari, wadda Aisa ke bin layi yini guda kafin ta samu. Yarinyar ta fara zawo, gashinta ya yi ja ya kwanta, ƙafafunta suka kumbura. Sai ƙyanda ta shigo Harobanda tare da tarin mutanen da ke kwana a fili, ta kama ta. Aisa ta goya ta, duk girmanta, ta ɗaure 'yan kayanta a zane. Mijinyawa yana durƙushe yana ɗaga wata tsohuwar akuya, jikar waɗanda Aisa ta zo da su, yana son ta tsaya da ƙafafunta.

"Baban Mariama, zan kai ta gidan yaya, daga can mu je asibiti. Ka zo mu tafi."

Ya ce ta yi gaba, zai biyo su in ya ga yadda waɗannan suka kwana.

"Waɗannan sun riga sun mutu," ta ce. "Wannan ce ke da sauran numfashi."

Bai bi su ranar ba, bai bi su washegari ba. Da ya isa Zongo an riga an kai yarinyar makwancinta. Halidu ne ya zo gungun ya faɗa masa, ya kuma riƙe hannunsa suka taka tare har suka hau gada. Aisa ta karɓi gaisuwarsa kamar yadda ta karɓi ta kowa. Bayan sadakar arba'in ta ce ba za ta koma gungu ba, ba ta kuma nemi ya sake ta ba. Da wasu 'yan uwa suka tashi komawa ƙasar Maraɗi ta bi su, can ta zauna har ƙarshen ranta.

Mijinyawa ya koma wurin abin da ya rage, awaki goma sha ɗaya. Ya raya su da takardun kasuwa da ɓawon kankana da dusar da yake roƙa gida gida. Damina ta gaba ruwa ya sauka sosai, ya kama dabbobin da ba su da ƙarfin jure sanyi, ya kashe bakwai a mako guda. Gungun ya yi kore, amma ba koren da ya sani ba. Tumfafiya ce da tafasa da ƙarangiya, abin da akuya ke shinshinawa ta wuce. Burgu bai dawo ba. Da kogi ya cika ya tarar ba saiwar da za ta riƙe ƙasa, ya yanke gefen gabas gaba ɗaya, ya raba tudun biyu. Malam Adamu ya taɓa biyowa ta wurin a kan wani aiki, ya tsaya ya duba. Mijinyawa ya tambaye shi shekara nawa wurin zai ɗauka kafin ya koma yadda yake. Malamin ya ce in an bar shi ba dabba ko ɗaya, wataƙila jikokin wani su ga itatuwa, amma ba ya jin za a bar shi.

Huɗun da suka rage ya kai wa Ɗan'azumi da kansa, dukansu mata. Ya tsaya har aka yanka su, shi ya yi fiɗar, ya wanke kayan cikin. Daga ranar bai sake taka gungun ba.

Ya samu ɗaki a Harobanda, a bayan gidan wani direban taksi mutumin Damagaram, yana ɗaukar ruwa a garwa yana kai wa gidaje. Unguwar kullum ƙaruwa take, layin famfo yana tsawo, rijiyoyi na ƙafewa kafin bazara ta raba. Ba ya shiga hira. Wani lokaci Halidu, wanda idanunsa suka fara mutuwa, yakan sa a jawo shi su zauna a ƙofar ɗakin. Yakan gwada tsokanarsa irin ta da, ya ce Bagobiri ya zo Yamai da wuƙa ya ƙare da garwa. Mijinyawa sai ya ce haka ne. Masu gidan sun ce idan tumakin maƙwabta suka shigo tsakar gida yakan tashi ya shige ɗaki ya ja ƙofa.

Ya yi shekara huɗu a haka. Tari ya kama shi da sanyin wata shekara, ya kwanta bai tashi ba. Direban da Ɗan'azumi da wasu 'yan masallaci suka yi masa sutura, Halidu bai samu mai jawo shi ba sai da aka dawo daga maƙabarta. Abin da aka tarar a ɗakin tabarma ne da buta da garwa biyu da sandar ɗaukar su. Ɗan'azumi ya aika wa Aisa da saƙo ta bakin wani mai kamiyo, ba a san ko ya isa ba. Kafin mako ya zagayo wani mutumin Walam ya shiga ɗakin da matarsa da uwarsa da 'ya'ya shida, suka kafa rumfar buhu a ƙofa don waɗanda cikin bai ɗauka ba.